Farashi ne ke zana tsarin kwamfutocin haya na intanet?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko farashi yana shafar yadda ake gina manhaja a kan kwamfutocin haya na intanet, ko fasaha ce kaɗai ke yanke hukunci. Yana shafa, sosai ma.

Dubi kuɗin fitar da bayanai. A Amazon Web Services (AWS), Google Cloud da Microsoft Azure, shigar da bayanai kyauta ne galibi, amma fitar da su ana biyan kowace gigabait. Shi ya sa injiniya mai lura yake kai aikin lissafi inda bayanan suke, ba ya kwaso su. A AWS hatta zirga-zirga tsakanin cibiyoyin kwamfutocinsa biyu na yanki ɗaya sai an biya, don haka wanda ya raba manhajarsa gida biyu saboda gudun faɗuwar cibiya guda, da kuɗinsa ya sayi kwanciyar hankalin. A ganina kuɗin fitar da bayanan ne ya fi ɗaure abokin ciniki. Sai a 2024 kamfanonin uku suka yafe shi ga mai barin su kwata-kwata.

Akwai kuma injinan rara da Amazon ya fara haya da araha a 2009. Rangwamen na iya kaiwa kashi 90 cikin 100, amma ana iya karɓe injin bayan gargaɗin minti 2. Dole aikin da ka ɗora masa ya riƙa adana inda ya kai, don ya ci gaba a wani injin.

Lambda kuwa, tsarin AWS mai gudanar da manhaja ba tare da ka yi hayar inji ba, da ya zo a 2014, lokacin da manhajarka ta yi aiki kawai kake biya, sai mutane suka koma yanyanka ayyukansu ƙanana-ƙanana.