Na danna Del har na gaji, BIOS ta ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na haɗa kwamfuta da hannuna: madabod na ASRock, furosesa Ryzen 5 5600, RAM DDR4 mai gudun 3200, da tsohon katin hoto GTX 1060. Ranar da na haɗa ta na shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, lafiya lau da kibod na aro, na ga wani abu wai shi Ultra Fast, na kunna. Windows 11 ta hau, komai na aiki. Yanzu na lura RAM ɗin a 2133 yake gudu, ina so in koma in kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, amma abin ya gagara. In na kunna kwamfutar allo baƙi ƙirin, ko tambarin ASRock ba na gani, sai kawai in tsinci kaina a Windows. Na danna Del da F2 har yatsana ya yi tsami. Kibod ɗina na Bluetooth ne, monita kuma da wayar DisplayPort na haɗa ta. Wani abokina ya ce in cire batirin madabod. In cire?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye sukudireba tukuna. Abokinka bai yi ƙarya ba, cire batir yana aiki, amma shi ne abu na ƙarshe da za ka yi, kuma ina kyautata zaton ba za ka kai can ba.

Madabod ɗinka lafiyarsa ƙalau, tunda Windows na hawa. Maɓallan da kake dannawa ma daidai ne: F2 ko Del a ASRock da ASUS, Del a MSI da Gigabyte. Abin da ke faruwa shi ne kana ta sallama a gidan da ba kowa. A tashi na yau da kullum, madabod kan duba RAM, ya tada ramukan USB, ya nuna tambari, sannan ya ɗan dakata ko akwai mai son shiga. Ultra Fast da ka kunna ya soke wannan dakatawar, ba ya ma tsayawa sauraron kibod, yana miƙa wa Windows ragama ne kai tsaye. Ga kuma Bluetooth. Irin wannan kibod sai Windows ta tashi ta loda direbansa sannan yake haɗuwa, yawancin madabod ba su san da zamansa ba kafin nan. Don haka ko da ba ka kunna Ultra Fast ba, Del ɗinka ba inda yake zuwa. Nemo kibod mai waya, ko wane iri, ka soka shi a bayan akwatin, a ramin USB da ke jikin madabod ɗin kansa. Ka guje wa ramukan gaba da na jikin monita.

Sai ka bi ta cikin Windows. Hanyar da aka fi sani ita ce ka riƙe Shift ka danna Restart, shuɗin allo ya fito, ka zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings. Ni dai na fi son gajeriyar hanya. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta wannan:

shutdown /r /fw /t 0

Wato kwamfutar ta sake tashi, ta zarce cikin saitin madabod, kuma yanzu-yanzu. Windows na bar wa madabod saƙo ne cewa a tashi na gaba ya tsaya a BIOS, saboda haka ba ruwanka da tseren danna maɓalli. Ka adana ayyukanka kafin ka buga Enter, don ba ta jira. ASRock ma suna da ƙaramar manhaja mai suna Restart to UEFI mai yin wannan aikin. Masu Linux kuma su rubuta systemctl reboot --firmware-setup. Wanda umarnin ya ƙi yi masa aiki ya rubuta msinfo32 ya duba layin BIOS Mode. In ya ga Legacy, to tsohon tsari aka bi wajen girka masa Windows, wannan hanya ba tasa ba ce. Kai ba na jin za ka gamu da haka, don Ultra Fast da Windows 11 duka UEFI, wato sabon tsarin BIOS, suke buƙata.

Inda na fi sa ido a wasiƙarka shi ne baƙin allon nan. Mai yiwuwa ka buga umarnin, kwamfuta ta sake tashi, fankoki na juyawa, Windows ba ta hau ba, allo kuma shiru. Kada hankalinka ya tashi. Kana cikin BIOS ɗin, gani ne kawai ba ka yi. Katunan NVIDIA na zamanin GTX 900 da GTX 10, har da 1060 ɗinka, an san su da wannan hali idan aka haɗa su da monita mai DisplayPort 1.3 ko 1.4: allo kan zauna baƙi har sai Windows ta loda direba. A 2018 NVIDIA ta fitar da manhajar gyara wannan a shafinta. Kafin ka je can, gwada mai sauƙi. Zare DisplayPort ka haɗa da wayar HDMI, ko ka shiga saitin monitar ka mayar da DisplayPort ɗinta 1.2 in tana da zaɓin. Amma fa HDMI na jikin katin hoto nake nufi, wanda ke ƙasa-ƙasa a bayan akwati. Na jikin madabod ado ne kawai a wajenka, domin 5600 ba shi da na'urar hoto a cikinsa. A jerin Ryzen 5000, sai masu harafin G irin 5600G ke da ita.

In duk wannan ya ci tura, sai mu zo kan batir. Kafin ka taɓa shi, duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker. Sababbin fitowar Windows 11 kan kulle faifai da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft, mutane da yawa ba su ma sani ba. Sauya saitin madabod na iya sa ta nemi makullin ceto mai lamba 48. Yana cikin asusunka na Microsoft, ka kwafe shi a takarda ko a wayarka. Wannan mataki kada ka tsallake shi, domin in ta tambaya ba ka da lambar, fayilolinka sun tafi ke nan.

Sannan ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Batirin shi ne mai kama da kwabo, fari mai sheƙi, an rubuta CR2032 a samansa. A gefen mazauninsa akwai ɗan ƙarfe da ke riƙe da shi. Tura shi baya da farce, batirin zai ɗago da kansa. A madabod da dama yana ɓuya ƙarƙashin katin hoto, sai ka fara cire katin, kuma ka tuna da ɗan makullin roba da ke ƙarshen ramin kafin ka ja. Bar shi a waje 'yan mintoci, ka mayar da shi rubutun na kallon sama. Littafin madabod ɗin zai kuma nuna maka fil ɗin goge CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, in ka fi son wannan hanyar. Duk saitin zai koma na kamfani, har da agogo.

Da ka samu shiga, fara da shafin Boot ka mayar da Fast Boot, inda ka zaɓi Ultra Fast, zuwa Disabled. A kwamfuta mai SSD, abin da Ultra Fast ke rage maka 'yan daƙiƙoƙi ne, ban ga sun kai wannan wahalar ba. Daga nan ka wuce OC Tweaker, ka zaɓi XMP, ka danna F10 don adanawa. Tashin farko zai iya jinkiri, har ta kashe kanta ta sake tashi, madabod ne ke gwada sabon gudun RAM, ka ƙyale shi ya gama. In Windows ta hau, buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna Memory. A gaban Speed ya kamata ka ga 3200.