Fatawa: Hukuncin rage bashin karatun likitan haƙori ta hanyar aiki a yankunan da ke fama da ƙarancin likitoci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Iyayena 'yan Kano ne, amma a Amurka aka haife ni, kuma a nan na kammala karatun likitan haƙori. Akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya a kaina mai nauyi ƙwarai, wanda kuɗin ruwa ke hawa a kansa tun ina makaranta. Akwai wani shirin gwamnati mai suna National Health Service Corps da ke biya wa likita wani kaso na bashinsa idan ya yi aikin shekara biyu a yankin talakawa da ba su da likitoci. Shin ya halatta in shiga, alhali bashin ruwa za a biya da kuɗin, kuma akwai tara mai tsanani ga wanda ya bar aikin kafin wa'adi? Sannan ina da lada kuwa, tunda bashin ne ya kai ni?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, shiga wannan shiri ya halatta, kuɗin da za a ba ka halal ne, kuma a halin da kake ciki ina ganin shigar ta fi barin ta, muddin ka cika sharuɗɗan da zan ambata.

Dole a fara da asalin bashin. Rancen da aka shardanta ƙari a kansa riba ce, ko da gwamnati ce ta bayar, ko da karatu aka yi da shi, kuma ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara ba su bar shakka a kan haka ba. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi rangwame ga ɗalibin da ya nemi tallafi da sauran hanyoyi ya rasa, saboda ɗaliban haƙori a Amurka sukan fito da bashin da ya kusa dala 300,000, abin da gida kaɗan ne ke iya ɗauka. Idan a kan irin wannan fatawa ka dogara, Allah ya karɓi uzurinka. Idan kuwa ka karɓa ne ba tare da tambaya ba, to ka tuba. A kowane hali abin da ke wuyanka yanzu ɗaya ne, wato ka fita daga bashin nan ta hanya mafi sauri da za ka iya, domin kowane wata da ya wuce ruwan ƙaruwa yake yi, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

An kafa hukumar National Health Service Corps a 1970 domin kai ma'aikatan lafiya wuraren da babu su, kuma a fannin haƙori ana ɗaukar yanki a matsayin mai ƙaranci idan mutum 5,000 ko fiye likita ɗaya suke da shi. Likitan da ya shiga yana karɓar albashinsa daga asibitin da ya ɗauke shi kamar kowane ma'aikaci, sannan shirin ya ƙara masa kuɗi, wanda shekaru da yawa ya kai har dala 50,000 a kan cikakken aikin shekara biyu, da sharaɗin ya zuba su duka a bashin karatunsa. A mahangar fiƙihu wannan ƙarin lada ne a kan aikin da aka san irinsa, aka san wurinsa, aka san tsawon lokacinsa, don haka ya shiga babin ijara, wato ƙwadago. Ɗaure kai da aikin shekaru domin sauke wani haƙƙi abu ne da Alƙur'ani ya ba da labarinsa ba tare da inkari ba, domin a aya ta 27 ta Suratul Ƙasas Annabi Musa, alaihis salam, ya yarda da aikin shekara takwas, ko goma idan ya so, a matsayin sadaki. Haka kuma Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu fursunonin Badar da ba su da kuɗin fansa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu.

Akwai wata matsala da ɗalibin fiƙihun Malikiyya zai iya tayarwa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A mazhabarmu an hana mai bin bashi ya mayar da bashinsa wani abu da ba za a karɓa nan take ba, abin da malamai ke kira faskhud daini fid daini, kuma Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, ya shigar da amfanin da ke zuwa kaɗan-kaɗan a cikin hanin, kamar zama a gidan wanda ake bi ko sa shi aiki na tsawon lokaci a madadin bashin. Tunda gwamnatin tarayya ce ta ba ka rancen, ita ce kuma ke neman aikinka, sai a ce ai wannan sura ce ta abin da aka hana. Amsar ita ce ba a mayar da bashinka aiki ba. Rancen yana hannun ma'aikatar ilimi yana nan yadda yake, shirin kuwa yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da yarjejeniyarsa daban, kuma kuɗi ake tura maka bayan ka kama aiki, kai kuma ka biya da hannunka. Wannan lada ne da aka gaggauta bayarwa a kan aikin da aka riga aka fara. Ko da ma an ɗauka cewa mai bin bashin da mai ɗaukar aikin abu ɗaya ne, Ashhab, wanda shi ma almajirin Imam Malik ne, ya halatta hakan bisa hujjar cewa karɓar farkon amfani kamar karɓar dukkansa ne, kuma littattafan mazhaba sun ambata cewa Shehu Aliyu al-Ujhuri yana aiki da wannan ra'ayi: idan kuɗin haya suka taru a kan mai ɗaurin littattafai da ke zaune a shagonsa, sai ya ba shi littattafai ya ɗaure masa a madadinsu.

Game da cewa wani ɓangare na kuɗin ruwan bashin zai tafi, wannan bai gurɓata kuɗin da ka karɓa ba, domin da guminka ka same su. Laifin yana cikin ƙulla yarjejeniyar ribar tun farko, kuma wanda doka ba za ta sake shi ba sai ya biya, biyan da yake yi domin ya kuɓuta ba sabon zunubi ba ne. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka zuba kuɗin a bashin ranar da suka shigo, ka fara da rancen da ruwansa ya fi yawa, kada ka bar su su kwana a asusu.

Maganar tara ta fi buƙatar taka-tsantsan. Doka ta tanadi cewa wanda ya karya alƙawari zai mayar da kuɗin watannin da bai yi ba, ya ƙara dala 7,500 a kan kowane wata, jimillar kuma ba za ta gaza dala 31,000 ba, sannan da ruwa a kai. Asalin sanya tara a kan wanda ya fasa aikin da ya ɗauka halal ne. Bukhari ya kawo hukuncin Alƙali Shuraihu cewa wanda ya shardanta wa kansa abu da son ransa, ba tilas aka yi masa ba, to abin ya hau kansa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a yarjejeniyoyin aiki, ta hana shi a inda asalin abin da ke kan mutum bashi ne. Abin da ke kanka a nan aiki ne, don haka tarar ta shiga cikin abin da aka halatta, ko da yake a ganina adadinta ya yi tsauri. Ruwan da ake ɗorawa a kanta kuwa riba ce ba makawa. Saboda kai ba ka da ikon goge wannan saɗara, kuma manufar shigarka ita ce fita daga ribar da ta fi ta girma, ya halatta ka sa hannu idan kana da ƙuduri mai ƙarfi da rinjayen zato cewa za ka cika wa'adin. Wanda ya san zuciyarsa tana rawa, ko yana shirin komawa gida ko ƙaro karatu a cikin shekara biyun nan, bai halatta ya jefa kansa ba.

Akwai kuma ɗaya shirin da ake kira Public Service Loan Forgiveness, wanda aka kafa a 2007, inda ake yafe ragowar bashin gwamnati ga wanda ya biya na wata 120 yana aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba. Yafiyar mai bin bashi halal ce a karɓa, kuma biyan ɗan abin da shi kansa ya yanka maka a wata ba ya cikin taurin bashin da hadisi ya kira zalunci. Sai dai shekara goma cikin yarjejeniyar riba ba ƙaramin abu ba ne, don haka ka zauna da wanda ya iya lissafi. Idan abin da za ka biya gaba ɗaya bai wuce uwar kuɗin da ka ranta ba, wannan hanya ta fi kusa da abin da Alƙur'ani ya bar wa mai ba da rance, wato asalin dukiyarsa. Idan kuwa kana iya gamawa da wuri da ƙarancin ruwa, to gaggawa ta fi. Ɓoye wani sashe na abin da kake samu domin a rage maka biyan wata haramun ne.

Niyyar rage bashi ba ta ɓata lada, domin biyan bashi shi kansa wajibi ne, kuma Allah ya ɗauke laifi daga mai neman arziki a cikin aikin Hajji, kamar yadda ya zo a aya ta 198 ta Suratul Baƙara. Likitanci farilla ce ta kifaya, kuma mutanen da za ka duba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, suna cikin faɗin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa akwai lada a cikin kyautata wa duk mai rai. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Maryland saboda ruɓar haƙori da ta kai ga ƙwaƙwalwarsa, bayan mahaifiyarsa ta sha wahalar samun likitan da zai karɓi inshorar talakawa. Irin waɗannan ne za su zauna a kujerarka: lebura da ya kwana uku bai runtsa ba, kumatu a kumbure, wanda ya jure har ciwon ya fi ƙarfinsa saboda tsoron kuɗin asibiti. Haramun ne ka cire masa haƙorin da za a iya cikewa a ceto don kawai cirewar ta fi sauri, ko ka riƙa ƙirga kwanakin wa'adinka kana aiki da rabin zuciya, domin ladan da ka karɓa na cikakken aiki ne.

Kafin ka zaɓi wuri, ka bincika nisan masallacin Juma'a, ka nemi a ba ka lokacin salla a rubuce cikin takardar ɗaukar aiki, kuma idan kana da iyali ka shawarce su, domin yawancin waɗannan wurare ƙauyuka ne masu nisa ko unguwannin cikin birni masu wuyar zama. Ka karanta yarjejeniyar shekarar da za ka shiga da idonka, saboda adadin kuɗin da sharuɗɗan sukan canza, ka kuma lura da sashen da ya yi bayanin dakatarwa ko sassauci idan rashin lafiya ya same ka.

Allah ya biya maka bashinka, ya sanya albarka a hannunka. Wallahu a'alam.