Filin Tambaya da Amsa: Wai masu kuɗi za su sayi kamfaninmu, in zauna ko in kama gabana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni mataimakin matuƙin jirgi ne a wani kamfanin jiragen sama a nan gida Najeriya, dan Allah a sakaya sunana da na kamfanin. Wata da watanni kenan albashi sai ya ga dama yake zuwa, wani lokacin ma rabi, alawus kuwa an daina ko maganarsa, jiragenmu da yawa suna ajiye. To sai ga ƙishin-ƙishin wai wasu masu zuba jari daga waje za su sayi kaso mai tsoka a kamfanin su zuba daloli su kawo sabbin jirage. Yanzu haka guruf ɗinmu na WhatsApp ya rabu biyu kullum musu har tsakar dare, manyan kyaftin suna cewa mu yi haƙuri abu ya kusa, ɗaya daga cikinsu ma ya rantse da idonsa ya ga wasu Turawa da kwat an zaga da su ofis har wajen da ake gyaran jirage, su kuma matasa irina suna cewa romon baka ne manajoji suka sako don kar mu gudu ko mu tafi yajin aiki. Ni kuma ga wani kamfani ya yi min tayin aiki amma sai na koma ƙarshen layin ƙarin girma kamar sabon shiga, kuma sai na sa hannu ba zan bar su ba na wasu shekaru. Wallahi kaina ya ɗaure. Meye shawara?
Daga wani matuƙin jirgi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita. Bari in fara da Turawan nan masu kwat tunda su ne hujjar kyaftin ɗinku. Ba na cewa ƙarya ya yi, ya gan su ɗin, amma Bature da kwat a kamfanin da ake bi bashi ba lallai ba ne mai saye ne. Yawancin kamfanoninmu hayar jirage ko injina suke yi, kuma in kuɗin haya ya fara makara masu jirgin sukan turo mutanensu su duba lafiyar kayansu da takardun gyara, wani lokacin ma shirin ɗauke abinsu suke. Haka banki ma yana turo masu binciken asusu. To ka ga mai son saye da mai son ƙwace kayansa duk hanya ɗaya za a zaga da su, duk kuma shayi ɗaya za a ba su.

Sannan ko da gaske ne akwai mai sha'awa, tsakanin "muna sha'awa" da kuɗi ya shiga asusu tafiya ce mai nisa sosai. Za a fara da takardar fahimtar juna wadda ba ta ɗaure kowa ba, sai mai sayen ya turo lauyoyi da akantoci su bi littattafan kamfani ɗaya bayan ɗaya, a nan ne yawanci ake watsewa don sai sun buɗe suke ganin bashin man jirgi da na hukumar filayen jirage FAAN da na hukumar kula da sararin samaniya NAMA da haraji da kuɗin fansho da ba a zuba ba, in an tsallake wannan sai a sa hannu, sai hukumomi su amince, sai kuma uwa uba a biya. Kowane mataki an ga cinikin da ya mutu a kai.

Duba kamfanin Arik mana. AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan da suka maƙale, ta karɓe shi a Fabrairun 2017 saboda tulin bashi, a shekarar aka yi ta yayata cewa Ethiopian, kamfanin jiragen Habasha, na tattaunawa za ta karɓi ragamarsa, jaridu suka ɗauka, ma'aikata suka sa rai, ƙarshe shiru kake ji. Nigeria Air kuwa, kamfanin jirgin ƙasa baki ɗaya da gwamnati ta so kafawa, ai kowa shaida ne, an ƙaddamar da suna da tambari a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila a Yulin 2018, aka dakatar bayan wata biyu, a 2022 aka ce Ethiopian ce za ta riƙe kashi 49, a ƙarshen Mayun 2023 har jirgi aka kawo Abuja da fenti aka ɗauki hotuna, sai sabon ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya jingine maganar, a 2024 kuma babbar kotun tarayya a Legas ta soke cinikin bayan ƙarar da ƙungiyar kamfanonin jirage na cikin gida ta shigar. Wannan fa har fenti an yi.

Kar ka ce namu ne kawai na Najeriya. A Afirka ta Kudu gwamnati da bakinta ta sanar a Yunin 2021 cewa gamayyar Takatso za ta karɓi kashi 51 na South African Airways, aka yi ta kwan-gaba kwan-baya kusan shekara uku, a Maris ɗin 2024 aka ce an fasa. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Jet Airways na Indiya, ya daina tashi a Afrilun 2019 matuƙansa na bin albashin watanni, a 2021 kotu ta amince wa wasu masu zuba jari su farfaɗo da shi, har lasisin tashi aka sake ba shi a 2022, amma ko fasinja ɗaya bai sake ɗauka ba, a Nuwamban 2024 kotun ƙolin ƙasar ta ce a sayar da kadarorinsa a rufe babin. Ka lissafa matuƙin da ya zauna jiran wannan, shekara biyar da rabi.

Kuma abin da ba a cika faɗa a guruf ba shi ne, zuwan mai kuɗin ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Shi wannan Jet ɗin ai Etihad ta Abu Dhabi ta sayi kashi 24 nasa tun 2013, ta kuma sayi kashi 49 na Alitalia ta Italiya a 2014, duka biyun ba su tsira ba. Da Alitalia ta rufe a Oktoban 2021 aka buɗe ITA a madadinta, da ma'aikata wajen 2,800 ta fara alhali tsohon kamfanin na da sama da 10,000, kuma da sabbin sharuɗɗan aiki. A nan gida ma Virgin Atlantic ta riƙe kashi 49 na Virgin Nigeria da ya fara tashi a 2005, aka samu saɓani da gwamnati Turawan suka janye, kamfanin ya koma hannun Jimoh Ibrahim ya zama Air Nigeria, a Satumban 2012 ya rufe. Mai zuba jari hanyoyin tashi yake so da lasisi da kasuwa, ba ya zuwa don ya share wa kowa hawaye, sau da yawa ma abin da yake fara yi shi ne rage ma'aikata.

Amma fa kar in zalunci manyanku, ana dacewa. Kamfanin Tata ya karɓi Air India a Janairun 2022, shekara guda bayan nan ya yi odar jirage 470, ya shiga neman matuƙa ido rufe. Kamfanin ASKY da ke Lome ta ƙasar Togo tun 2010 yake tashi da haɗin gwiwar Ethiopian kuma yana nan da ransa. Sai dai ka gane lissafin kyaftin daban naka daban. Mutumin da ya doshi shekara 65, wato shekarun da doka ke sauke matuƙi daga jigilar fasinja, ga haƙƙoƙinsa na shekara da shekaru maƙale a kamfanin, in ya tafi yana tsoron ya yi asararsu, in ya je wani wuri ma ba lallai a kashe kuɗin horar da shi ba, dole zuciyarsa ta fi karkata ga labari mai daɗi. Ba yaudararku yake ba, shi ma fata yake. Kai kuwa dukiyarka awannin tashi ne, in ba ka cika awa 1,500 ba ko ATPL, babban lasisin matuƙin jirgin jigila, ba za ka samu ba balle kujerar hagu ta kyaftin, kuma jirgin da ke ajiye ba ya ƙara wa kowa awa.

Ni abin da ke ba ni mamaki, ku matuƙa kun fi ɗan jarida da ma wasu manajojin ganin gaskiyar kamfani amma sai ku bar abin da ke gabanku ku bi "an ce". Jirgin da aka kai babban gyara waje ya dawo ko yana can an riƙe shi sai an biya? Injiniyoyi sun fara cire kayan jirgi ɗaya suna ɗaura wa wani? Mai tankar man jirgi yana zuba muku kai tsaye ko sai ya tsaya da waya a kunne yana jiran a ce masa alat ya shigo ku kuma fasinja na ciki suna fifita da katin shiga? An biya muku kuɗin simuleta, wato na'urar gwajin tuƙi, a kan lokaci ko an sake ɗagawa? Ka duba asusunka na fansho ka ga yaushe rabon da a zuba. Kamfanin da ciniki ya kusa faɗawa da gaske yawanci za ka ga an fara toshe irin waɗannan ramukan don kar AOC, wato lasisin da kamfani ke jigila da shi, ya samu matsala a wajen hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA, tunda shi ne abin sayarwar. In kuwa kullum abin ƙara lalacewa yake labarin ne kawai ke ƙara zaƙi, to ka san inda aka dosa.

Shawarata, ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. Ka nemi wancan kamfanin su ba ka tayin a rubuce, ka kai wa lauya ya karanta maka sharaɗin ɗaurin nan, shekara nawa ne, nawa za ka biya in ka fita, kuɗin yana raguwa duk shekara ko a'a, kuma me zai faru in su ne suka kasa biyan albashi. Ka yi musu irin binciken da na lissafa a sama, kar ka gudu daga gidan da ke yoyo ka faɗa wanda ba rufi. In sun tsallake, ni dai da ni ne tafiya zan yi, komawa ƙarshen layi a inda jirage ke tashi ya fi zama na gaba-gaba a inda ba sa tashi. Kafin nan kar ka bari komai naka ya mutu, tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, gwajin simuleta, takardar likita, kuma ka kwafi littafin awanninka da fayil ɗin horonka ka ajiye a gida tun yanzu, don ranar da aka sa wa ofis kwaɗo samun takarda ɗaya sai ka yi wata kana zarya. Ka fita da sallama kuma, harkar nan ƙarama ce, wanda ka zaga yau gobe shi zai zauna ya yi maka intabiyu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana kyaftin ne, kamfaninsu na riƙe da albashinsa na watanni, kullum cewa yake in sabbin masu kamfani suka zo za a biya su duka a dunƙule, har yana so ya ci bashi mu ƙarasa ginin da muka fara wai kafin lokacin biya kuɗin sun fito. Ni hankalina bai kwanta ba amma ba na so ya ga kamar ina masa baƙin baki. Wai dole ne wanda ya sayi kamfani ya biya tsohon albashi?
Daga wata uwargida, Kaduna

AMSA: Hajiya hankalinki ya gaya miki gaskiya. Ya danganta da irin cinikin. In hannun jari suka saya to kamfanin yana nan yadda yake da bashinsa, albashin maigida na cikin abin da suka gada, duk da haka sukan zauna da ƙungiyar ma'aikata a yi ciniki a yafe wani abu ko a biya kaɗan-kaɗan. In kuwa kadarori kawai suka saya suka buɗe sabon kamfani, to bashin ya zauna a tsohon, ma'aikata sai su shiga layi tare da sauran masu bin bashi a jira abin da aka samu. Ma'aikatan Nigeria Airways da aka rufe a 2003 har 2018 suna bin haƙƙinsu, a shekarar ne gwamnatin Buhari ta amince a saki wani kaso, da yawa sun rasu ba su gani ba, kuma wannan fa kamfanin gwamnati ne.

Ki lallaɓa shi cikin hikima, ba sai kin ce masa labarin ƙarya ne ba. Ki ce Alhaji mu bari kuɗin su shigo tukuna ginin ba gudu zai yi ba. Sannan ya samu takarda daga ofishin kuɗi da ke nuna adadin da yake bi, da sa hannu da hatimi, ya kuma riƙe ƙungiyarsu ta matuƙa da injiniyoyin jirgi, NAAPE, da kyau don in an zo zaman ciniki da ita za a yi magana ba da mutum ɗaya ba.

TAMBAYA: Ɗana ya nace sai karatun tuƙin jirgi, ni kuma kullum sai in ji kamfani kaza ya durƙushe. Anya ba asarar kuɗi zan yi ba?
Daga wani uba, Katsina

AMSA: Alhaji tsoronka na kan hanya, ina Kabo, ina Chanchangi, ina Okada da Bellview da IRS da Albarka. Amma kuma a wannan tsakanin ne Air Peace ta taso a 2014, Max Air ta shiga jigilar cikin gida a 2018, Ibom Air a 2019, ga Rano Air a 2023, kuma lasisin matuƙi na matuƙi ne ba na kamfani ba, yana iya aiki da shi a wata ƙasa in ya cika sharuɗɗansu. Abin da nake so ka sani shi ne kuɗin makaranta, ko a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta NCAT da ke Zariya da aka kafa tun 1964 ko a waje, ba shi ne ƙarshe ba. In ya gama sai ya sake samun shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da zai tuƙa, Boeing 737 ne ko Embraer ko wani, wannan kuma da dala ake biya, a nan yara da yawa suke maƙalewa su yi shekaru a gida da lasisi a aljihu. In za ka iya ɗaukar duka biyun ba tare da ka sayar da gidan da kuke ciki ba, bismillah. Amma kafin ka biya ko sisi ka kai shi wajen likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, a duba ido da kunne da zuciya, musamman ko yana bambance launuka, don akwai waɗanda sai an kashe miliyoyi ake gano ba sa raba ja da kore.