Tambaya da Amsa: Yaya zan tsallakar da babur ɗina zuwa Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni bakanike ne a Tudun Wada, Zariya. Na daɗe ina tara kuɗi don in je Umra a kan babur. Da na so in bi ta Sudan, amma yaƙi ya hana. Yanzu zan bi Kamaru, Gabon, Kwango, Angola, Zambiya da Tanzaniya har Kenya. Daga can, jirgin ruwa zan sa babur ɗin ko na sama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya cika maka buri. Ka yi daidai da ka bar Sudan. Hanyar kakanninmu ce, daga Maiduguri zuwa Njamena har Suwakin, a hau jirgin fito zuwa Jidda, amma tun watan Afrilun 2023 ba ta biyuwa.

Shawarata ita ce ka sa shi a jirgin sama daga Nairobi. Na san za ka ce na ruwa daga Mombasa ya fi araha. A takardar farko haka yake. Sai dai kuɗin da ejan zai faɗa maka na ɗauka ne kawai. Idan kaya suka isa, akwai kuɗin saukewa, na buɗe kwantena, na sito, da na ejan ɗin da zai fito maka da shi, kuma kana tsaye a ƙasar mutane ba ka da bakin ciniki. Kwantenar haɗaka, wato wadda ake haɗa kayan mutane da yawa a ciki, galibi ba ta tashi sai ta cika. Ga shi tun ƙarshen 2023 hare-hare a mashigin Babul Mandab sun dagula zirga-zirgar jirage a Bahar Maliya. Duk makon da ka ƙara kana jira, kuɗin masauki na cin guzurinka, biza kuma na ƙarewa. Na sama kuwa 'yan kwanaki ne.

Ga inda sana'arka za ta yi maka rana. Jirgin sama yakan duba nauyi da girman akwatin katakon da za a sa babur ɗin a ciki, ya caje ka a kan wanda ya fi yawa. Don a mayar da girman zuwa kilo, ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000. Akwati mai 200 da 80 da 110 zai tashi kilo 293, ko da babur ɗin bai kai 150 ba. Cire tayar gaba da madubai, ka kwance kan, wato abin tuƙin, ka ɗaure shi a gefen tanki. Idan akwatin ya dawo 170 da 60 da 100, kilo 170 ke nan. Ka tsaya kan kafinta da kanka, kuma katakon ya zama mai hatimin ISPM 15, wato shaidar an kashe ƙwarin da ke cikinsa, domin wanda ba a gasa ba kwastam na iya ƙin karɓarsa.

Babur yana cikin kaya masu haɗari, lambarsa UN3166. Za a sa ka rage man tanki sosai, galibi a cire wayar batir a naɗe bakinta. Kada ka cusa kwalbar mai ko risho a ciki.

Sai takardu, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Nemi Carnet de Passages tun kana gida. Ita ce fasfon abin hawa, tana aiki shekara ɗaya, kuma ana ajiye jingina kafin a ba ka. Dole kwastam na Kenya su buga hatimin fita kafin a rufe akwatin, in ba haka ba jinginarka na cikin haɗari. Lambar inji da ta jikin babur su yi daidai da na takarda harafi da harafi, sunan da ke kai kuma ya zama na fasfonka. Mu nan mun saba hawa da rasit ɗin mai shi na farko. A can ba za su saurare ka ba.

Kafin ka bar Zariya, samu ejan a Jidda ya rubuto maka jimillar kuɗin fitarwa, ya kuma tabbatar a rubuce cewa irin bizarka ta yarda ka shigar da babur na wucin gadi. Idan bai amsa ba, nemi wani, kada ka tashi.