Murfin na'urar MP3 ya ɗago, mai gyara ya ce zai huda batirin da allura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan da na saya wa mahaifina ƙaramar na'urar MP3, saboda idonsa ya yi rauni, sauraro ya fi masa sauƙi. Kwanakin nan sai ta riƙa mutuwa ana cikin sauraro, kunne ɗaya na iyafis yana yankewa, sabon katin memori mai 64GB da na saka mata kuma ta ƙi ganinsa. Abin da ya fi tayar min da hankali, murfin bayanta ya ɗago kamar ana turo shi daga ciki, kuma tana zafi idan tana caji. Na nuna wa wani mai gyara, ya ce iska ce kawai ta taru a batirin, zai huda da allura ta fita, ya liƙe da salatif. Baba kuwa da ita yake kwana, a ƙarƙashin matashi, jone da caja. In bar shi ya huda?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ki bari. Tun kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ma, je ki zare ta daga caji, ki kashe ta, ki ajiye ta a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule. Kada ki danna murfin don ya koma. Daga yau ta daina kwana a gadon Baba.

Maganar huda batiri ta ishe ni. Da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, kuma kullum da gadara ake faɗinta, kamar wata fasaha ce da sai ƙwararru suka sani. Abin da ya kumbura batirin nan ba iskar da muke shaƙa ba ce. Ruwan sinadarin da ke cikinsa ne ya fara ruɓewa saboda tsufa da zafi da kwana a caji, yana fitar da gas, wani daga cikin gas ɗin kuma mai kama wuta ne. Jakar da aka naɗe batirin da ita an yi ta ne ta riƙe wannan gas ɗin. Wato kumburin da kike gani jakar ce take aikinta. Mai allura zai fasa abu ɗaya tak da ya rage yana kare ku.

Bari in gaya miki abin da ke cikin jakar. Falle-falle ne sirara da aka jera ko aka naɗe, ɓangaren fulos da na mainos, a tsakaninsu akwai wata 'yar leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ita kaɗai ce take hana ɓangarorin biyu taɓa juna. Allura ƙarfe ce. Da ta wuce jaka ta ratsa ledar, ta haɗa su, sai duk cajin da ke ciki ya bi ta wannan ɗan wurin. Wurin ya ɗau zafi, zafin ya narka ledar da ke kusa, haɗuwar ta faɗaɗa, zafi ya ƙaru. Idan ya kai nan ba mai tsayar da shi, sai ya cinye kansa. Na taɓa ganin haka a kan teburina: wani yaro da ke koyon aiki ya sa bakin sukudireba zai ɓamɓaro batiri daga gam, ya karce shi. Sai muka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, sannan huci, sannan farin hayaƙi ya turnuƙe. Da filaya na jefa shi cikin bokitin yashi. Batirin bai fi girman akwatin ashana ba, amma har yau tabon ƙunar yana nan a jikin katakon.

Mai gyaran zai ce miki ya yi sau goma ba abin da ya faru. Ina ma iya yarda da shi. Yawancin batiran da ake kawo masa babu caji a cikinsu, wani lokacin kuma allurar a jaka take tsayawa. Sa'a ce, shi kuma ya ɗauke ta gwaninta. To ko da bai kama wuta a hannunsa ba, me ya mayar miki? Batiri mai ƙofa. Salatif ba ya tare danshi. Danshin iska zai shiga ya haɗu da gishirin lithium da ke cikin ruwan, su haifar da asid mai cin fata, lalacewar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shi ya karɓi kuɗinsa ya wuce, wutar kuma in za ta tashi, a ƙarƙashin matashin dattijo mai raunin ido za ta tashi, da tsakar dare.

Wannan ɗanyen aiki yana da 'yan uwa. Akwai masu cewa a saka batiri a firiza ya huce, su fito da shi yana raɓa su mayar cikin na'ura. Akwai masu "ba shi shokin": su feɗe igiyar caja su ɗora wayoyin kai tsaye a kan batiri don ya farfaɗo. Caja tana fitar da bolt 5, iyakar abin da irin wannan batiri yake ɗauka 4.2 ne, kuma ɗan bod ɗin da ke cikin na'ura shi ne mai tsayar da caji a nan. Ka tsallake shi, ka ce gyara kake yi? Kamfanonin da ke da ɗakunan gwaji da injiniyoyi ma ba sa wasa da abin nan. A 2011 Apple ya nemi masu ƙaramar na'urar sauraronsa, iPod nano ta farko, wadda aka sayar tsakanin Satumbar 2005 da Disambar 2006, su daina amfani da ita su karɓi canji, saboda batirin yana iya yin zafi fiye da kima. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa kan matsalar batiri. Ba wanda ya aika wa mutane allura da salatif.

Gyaran shi ne canza batiri, ba wani abu ba. Ki nemi mai gyaran da zai buɗe da abin roba, ba da ƙarfe ba. A jikin batirin za a ga bolt 3.7, galibi kuma da lamba shida, misali 503040, ma'ana kaurinsa milimita 5, faɗi 30, tsawo 40. A samo mai wannan awon, wanda ke da ɗan bod na kariya a bakinsa. Kada a cusa mai kauri a matse shi da murfi wai don ya fi daɗewa. Idan akwai sautukan da Baba yake ji da su a cikin memorin na'urar kanta, ki yi haƙuri, kada ki jona ta da kwamfuta don kwashewa, domin jonawar ma caji ce. A canza batirin tukuna. Tsohon kuma a rufe bakin wayoyinsa da tef, a kai wurin da ake karɓar tarkacen kayan lantarki. Kada ya shiga sharar da za a ƙona.

Mutuwar da take yi ana cikin sauraro daga batirin ne. Tsohon batiri yakan nuna a cike, amma da an ƙara murya ko fuska ta haska, sai ƙarfinsa ya faɗi, na'ura ta ɗauke. Sabon batiri zai kawar da wannan. In ta maƙale bayan an canza, duba ɗan ramin riset a gefe ki danna da tsinke.

Katin memori kuwa mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Katunan da suka wuce 32GB suna zuwa da tsarin ajiye fayiloli da ake kira exFAT, tsofaffin na'urori da masu araha kuma FAT32 kaɗai suka sani. Ana iya yi masa fomatin zuwa FAT32, amma wasu na'urorin ko an yi hakan ba za su wuce 32GB ba. Ni da zan ba ki shawara, ki mayar da mai 64 ɗin cikin waya, ki saka mata mai 32 ko 16, ya ishi Baba sauraro na watanni. Idan ta ga katin amma tana tsallake wasu fayiloli, duba ƙarshen sunansu. Abin da aka turo ta WhatsApp sau da yawa opus ne ko m4a, kuma goge sunan a rubuta mp3 ba ya canza komai, sai an juya fayil ɗin da manhaja.

Saura iyafis. Gwada shi a wata waya. In a can ma kunne ɗaya yana yankewa, igiyar ce ta tsinke daga ciki, yawanci dab da bakin da ake sokawa, sai a sayi wani. In a can lafiya yake, to ramin na'urar ne. Haska shi da tocila, za ki sha mamakin tarin audugar aljihu da ke dunƙule a ƙasa tana hana bakin shiga har ƙarshe. Da tsinken katako za ki zaƙulo ta a hankali, na'urar tana kashe. Ki kuma duba bakin iyafis ɗin: mai zobe uku na waya ne mai makirufo, wasu ƙananan na'urori ba sa jituwa da shi, mai zobe biyu suke so.

Idan an gama gyara, ki karɓi aikin cajin daga hannun Baba. Da rana za ki saka mata, a kan tebur inda ido ke gani, ki zare in ta cika. Da dare ki miƙa masa ita ba igiya.