Kifin da ake tafiya ƙasar waje don a kama shi da gashin tsuntsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan masunta ne a Garwa, na tashi ina fatsa a Binuwai da Lagdo. Ina gani a waya Turawa suna zuwa rafuka masu nisa, su shiga ruwa har gwiwa suna wurga zare don wani kifi mai ɗigo-ɗigo da suke kira tirawut, su kama kuma su sake shi. Wane irin kifi ne? In Allah ya hore mini, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan kifi ɗan ruwan sanyi ne, shi ya sa ba ka taɓa ganinsa a komarka ba. Ya fi sakewa tsakanin digiri 12 zuwa 19. Da ruwa ya haura 24 sai ya galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Binuwai a watan Afrilu ta fi ƙarfinsa.

Tirawut iri-iri ne; mai launin ƙasa-ƙasa, wanda nake magana a kai, asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da tsaunukan Atlas na Maroko. A 1864 aka kai ƙwansa daga Ingila zuwa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya cikin ƙanƙara a jirgin ruwa, daga can ya isa Niyu Zilan a 1867. Yau akwai shi a Patagoniya ta Ajantina da Chile, da tsaunukan Aberdare na Kenya.

Abin da nake so ka fi kamawa shi ne dabarar. Ka tuna yadda shinge ke faɗawa ruwa bayan ruwan farko, kifi na ɗagowa yana cafkewa? A kan haka aka gina wannan fatsar. Babu tana, babu koto. Ana ɗaure gashin zakara da ɗan gashin dabba a jikin ƙugiyar da ba ta kai farcen yatsa ba, har ta yi kama da ƙwaro. Tunda ba ta da nauyi, zaren ne ake yi wa nauyi, shi ke ɗaukar ta idan ka kaɗa sandar gaba da baya. Ruwan can garau yake, kana hango tsakuwar ƙasa, kifin ma yana hango ka. Kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don haka ta bayansa ake zuwa, a sunkuye, kada inuwarka ta faɗa masa. Ka ajiye ƙwaron a gabansa, ruwa ya kawo masa. In zaren ya ja shi ko kaɗan, ya gane, ba zai taɓa ba. Na taɓa shafe rabin yini a kan kifi ɗaya saboda wannan.

Sakin kifi kuwa, na san zai yi wa ɗan masunta nauyi. Amma rafukan ƙanana ne, manyan kifaye a cikinsu ƙidayayyu ne, in kowa ya kai gida za su ƙare. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a danne ƙayar ƙugiya don ta fita da sauƙi.

Sai ka sayi lasisi, kuma akwai lokaci: a yawancin rafukan Niyu Zilan daga Oktoba ne zuwa Afrilu. Suna binciken kayan fatsa a filin jirgi, kuma tun 2008 sun hana takalmin shiga ruwa mai tafin ulu saboda wata gansakuka da ke bin sa daga rafi zuwa rafi.

Shawarata, kada ka fara da tikiti. Kogin Faro yana nan kusa da kai, kuma da rani baƙi na zuwa daga ƙasashen waje su kama giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsar. Ka samu sanda, ka koyi wurgi a fili babu ƙugiya, sannan ka gwada kan tsage, da 'yar waya a bakin zaren saboda haƙoransa. In hannunka ya faɗa, ka nufi Kenya, ka ɗauki ɗan jagora wanda ya san rafin.