Malamar da ba ta da aji nata a gidan renon yara: albashinta da sallarta

TAMBAYA: Allah shi gafarta Malam. Ina aiki a wani gidan renon yara a Mabera, nan Sakkwato. Ba ni da aji nawa. Inda duk aka rasa malama can ake tura ni, yau jarirai, gobe 'yan shekara huɗu. Wata ta ce mini albashina akwai shubuha tunda ba a faɗi aikina ba. Kuma kullum fitsarin yara na taɓa tufafina. Mene ne hukunci?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, albashinki halal ne. Malaman fikihu sun kasa ƙwadago gida biyu: wanda aka ɗauka don wani aiki ayyananne, kamar tela da aka ba ɗinkin riga, da wanda aka ɗauka na wani lokaci. Ke kina cikin na biyu. Tunda an san sa'o'inki, an san kuɗinki, an san aikin reno ne da koyarwa, rashin sanin ɗakin da za ki shiga gobe ba ya ɓata yarjejeniya. Annabi Musa (AS) an ɗauke shi aiki ne da ƙidayar shekaru, takwas, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas aya ta 27. Sai dai in aka ɗora miki abin da ba ya cikin al'adar aikin, kamar wankin gidan shugabar makaranta, kina da ikon ƙi. Malama mai zagayawa kuwa ba baƙuwa ba ce a garin nan. Jajis ɗin Nana Asma'u, wato malamai matan da ta horar, ƙauye-ƙauye suke bi suna karantar da mata.

Batun fitsari, a mazhabar Malikiyya najasa ne, na yaro ko na yarinya, wankewa ake yi. Wasu malamai sun wadatu da yayyafa ruwa a kan fitsarin jariri namiji da bai fara cin abinci ba, saboda hadisin Ummu Ƙais 'yar Mihsan. Shaihu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fikihun Malikiyya, ya yi rangwame ga tufafin mai shayarwa matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, ya kuma so ta ware tufafin salla. Ki ɗauki wannan shawarar, don ita ce ke yanke wasiwasi: zane da hijabi masu tsabta a jaka, ki sauya in Azahar ta yi. Abin da ba ki tabbatar ya same ki ba, kada ki wahalar da kanki a kansa. Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, ya kuma fi waɗannan damuna, wato amana. Malamar aji ta san wane yaro ne madara ke ɓata wa ciki, wane ne mai sikila, wa ke zuwa ɗaukar wa. Ke ba ki sani ba, amma daga lokacin da aka miƙa miki ɗakin, ke ce makiyayiyarsu, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwonsa. Don haka wajibi ne ki tambaya kafin ta fita: su nawa ne, wa ke shan magani, wa ba a ba shi abu kaza. A zafin Afrilu na Sakkwato, mai sikila da aka manta ba shi ruwa yana iya kwana a asibiti. Ma'aikaci amintacce ne, ba ya biyan abin da ya faru ba da sakacinsa ba, amma karɓar yara ba tare da tambaya ba sakaci ne. Kada ki bar su su kaɗai ko don salla; lokacin Azahar yana da faɗi, ki jira a karɓe ki.

In kina goyo, kada ki ba ɗan wani nono don ki lallashe shi. A wurinmu Malikiyya, kamar yadda littafin fikihu na Risala ya faɗa, tsotsa ɗaya cikin shekara biyu na farko tana haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanki. In har hakan ta taɓa faruwa, ki sanar da iyayensa da maigidanki, a rubuta a ajiye.

Allah ne Mafi sani.